Bayan Munji Ya Tafi

Shekara talatin da ɗaya ina raba wasiƙu a Safakus,
keke ɗaya, jaka ɗaya, gwiwoyi biyu masu ƙorafi.
Kullum ƙarfe ɗaya saura kwata
sai in jingine keken a bangon Munji.
Ba ya tambayata. Da ya hango hulata
wuƙarsa ta riga ta shige cikin burodi.

Munji ya rasu da azumin bara.
Ɗansa ya mai da shagon wurin sayar da rigar waya.
Na leƙa, na ga fuskata a gilashi, na yi gaba.

Daga nan muka shiga gari, ni da yunwata.

A Babul Jabli, wani yaro mai askin yayi
ya nutsar da tuna cikin mayonis
har kifin ya manta ya taɓa zama a teku.
Na ce, ɗana, wannan ai kunu ne.
Ya ce, Baba, haka ake so yanzu.

A layin tashar jirgin ƙasa
burodin ya girme ni.
Da ƙyar na ƙwato haƙorina.

Wajen Lutfi kuwa
kifin kamar arowa aka yi:
'yan tsiraru uku, an binne su ƙarƙashin dankali
kamar kuɗin marowaci a gindin katifa.
Dinari huɗu! Na biya,
na haɗiye sanwicin, na haɗiye maganata.

'Yata Wasila ta ce, Baba, ga gwangwani nan a gida,
ga man zaitun daga gonar kawu,
me kake nema a titi?
Na ce, hannu nake nema.
Ta dube ni, ta ɗauka tsufa ne.

Wata Talata ruwan sama ya kora ni
ƙarƙashin wata rumfa a bakin mashigar jirgin Ƙarƙana.
Wata mata ce a ciki, tabarau ɗaure da zare,
rediyonta yana tari.
Ban ce a ba ni komai ba. Fakewa na zo yi.

Sai ta tsaga burodi,
ta ƙwaƙule cikinsa da babban yatsa
ta wurga wa tsuntsayen teku.
Harisa ta fara shafawa, siririya, da bayan cokali.
Tuna kuwa ba ta murmushe shi ba,
ɓari-ɓari ta jera shi kamar magini da bulo.
Ɓawon lemun tsami da ya yi wata biyu cikin gishiri,
baƙin zaitun uku da ƙwallonsu,
rabin dafaffen ƙwai.
Ta karkata gwangwanin, man ya tsiyaye har ɗigon ƙarshe,
ta danne da tafin hannu,
ta yi shiru kamar mai ƙirga wani abu a zuci,
sannan ta miƙo mini ba tare da ta ɗago kai ba.

Na ciza.
Mai ya bi tsintsiyar hannuna ya shige riga.

Ba na Munji ba ne.
Munji ba ya cika lemo haka,
kuma yakan cire ƙwallon zaitun
don tausayin haƙoran mutane.
Ba nasa ba ne, na faɗa wa kaina,
na ƙara cizo.

Ta ce, yaya ka ji?
Na ce, gishiri ya ɗan yi yawa.
Ta ce, gobe ma haka zai yi.

Jirgin ya yi kuka, ya ja jikinsa ya bar gaɓa.
Hadda sunanta. Ban tambaya ba,
masunta na ji suna kira.

Likita ya hana ni gishiri tun farkon bazara.
Wasila ta ɗauka shan iska nake fita.
Tabon mai ne kaɗai zai tona mini asiri,
shi ya sa tun a cikin bas
nake naɗe hannun riga har gwiwar hannu.